Gwiwoyin Mma sun ƙi, ku ba ni shawara

Ɗiyar Mma (Aboabo): Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce, ta haura sittin. Tun muna yara take sayar da waakye, kullum tsugune gaban murhu tun asuba, da kuɗin tukunyar nan ta aurar da mu duka. Yayana yana Italiya, sai ya ga dama yake aiko da kuɗi, matarsa kuwa ko leƙe ba ta yi, ni kaɗai ke fama. Yanzu gwiwoyinta biyu na ciwo, in ta miƙe sai ka ji ƙas-ƙas, sujada ta gagare ta, hawa trotro sai an kama ta. An ɗauki hoto an ce ƙashi ya goge. Kullum ina saya mata diclofenac, ƙwayar rage ciwo, a shagon magani, na kuma hana ta fita ko'ina. Yaya zan yi?

Alhaji (Asawase): Wa alaikumus salam 'yata. Sanyi ne ya shiga ƙashi, ba wani abu ba. A kira wanzami ya yi mata ƙaho, a riƙa murza man kaɗanya da dare. Haka iyayenmu suka yi.

Anti Nas (Sabon Zongo): Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya zaizaye, shi ya sa a hoto ake ganin ƙashi ya matso kusa da ƙashi. Idan ta tashi da safe, gwiwar na sakewa kafin rabin awa? In ƙagewar ta wuce awa ɗaya, ga kumburi a yatsu, wani ciwon gaɓɓan ne daban, sai an gwada jini. Sannan tana da hawan jini ko gyambon ciki? Shan diclofenac kullum na taɓa ƙoda da ciki, ga tsoho, maganin shafawa ya fi aminci. Zaman da kika sa ta kuwa ƙara kashe gwiwar yake. Ta zauna a kujera ta riƙa miƙe ƙafa tana saukewa, ta riƙa ɗan takawa. Kowane kilo ɗaya da ta rage, kusan kilo 4 ne ya sauka daga kan gwiwa. Ku nemi masu gashin ƙashi a asibitin Komfo Anokye.

Maman 'Yan Biyu: Hmm, asibiti. Na kai surukata wani asibiti tun bayan asuba, sai la'asar muka ga likita, ko taɓa gwiwar bai yi ba. 'Ya'yanta ko sannu ba su ce min ba.

Ɗiyar Mma: Anti, ba ki ga yadda take kuka da dare ba ne. In ban ba ta ƙwayar ba, ba ta barci. Kuma in na bar ta ta fita, wurin tukunya za ta koma.

Alhaji: Kin ji ko? Tsohuwa na ciwo a ce ta yi tafiya! Akwai mai maganin gargajiya a kasuwar Kejetia, kwalba ɗaya ta tayar da ni.

Anti Nas: Alhaji, da girmanka, wasu kwalaben ana zuba musu dexamethasone, wani maganin bature mai ƙarfi, a ɓoye. Ciwo ya lafa, fuska ta kumbura, suga ya hau. Ƙanwata, ba ki amsa min maganar hawan jinin ba.

Malam (Alabar): Batun salla dai da sauƙi. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, kada ta takura kanta.

Alhaji: Ni fuskata ba ta kumbura ba. 'Yata, biyo ni ta waya in kwatanta miki wurin.

Ɗiyar Mma: Na gode muku. Kujera dai ta ƙi, ta ce ita ba ta tsufa ba. Bari yayana ya kira tukuna, kada gobe a ce ni na yanke shawara ni kaɗai.