Fom ɗin aiki ya tambaye ni ko kotu ta taɓa samuna da laifi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. A 2019 na sayi waya a hannun wani, ashe ta sata ce. Kotun majistare ta yanke mini zaman wata shida ko biyan tara, ba ni da kuɗin tarar, na yi zaman. Tun da na fito ko ƙofar caji ofis ban sake takawa ba. Yanzu wani kamfanin rarraba kaya zai ɗauke ni direba, har na ci intabiyu, sai ga fom yana tambaya ko kotu ta taɓa samuna da laifi. Suna kuma son takardar shaidar hali ta 'yan sanda da mutum biyu masu tsaya mini. Ina da mata da 'ya'ya. Me zan rubuta?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Malam, rubuta a'a ka wuce. Fayil ɗinka yana can ƙura ta binne shi, wa zai tono?

Maman Ilham: Baban Walid, kada ka jefa bawan Allah a rami. Ɗaukar ma'aikata ne aikina. Takardar shaidar halin nan ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP ake nemanta, a ɗauki hoton yatsunka a duba da rajistar masu laifi ta 'yan sanda da ke Alagbon a Legas. Gaskiya ne ba kowane hukuncin ƙaramar kotu ke isa can ba, tana iya fitowa fes. Amma mu ba da takarda muka fi kama mutane ba. Ranar da kwali ɗaya ya ɓace a mota, a ranar wani ɗan unguwarku zai ce ai dama ya taɓa zama gidan yari. Sai a ɗauko fom ɗin da ka sa wa hannu. Daga nan ba maganar waya ake ba, maganar ƙarya ce, kuma kora ce ba ko sisi. Masu tsaya maka ma ka ja musu.

Ni dai da zan ba ƙanina shawara, cewa zan yi ya rubuta e, ya ƙara layi biyu: laifin, shekarar, da cewa ya gama hukuncinsa. Kafin ya miƙa kuma ya nemi ganin manajan ido da ido.

Wani lauya a cikinmu: A bambance abu biyu, don mutane na cutar kansu a nan. Wanda aka kama aka sake shi, ko kotu ta sallame shi, ba mai laifi ba ne. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi, a'a zai rubuta da gaskiyarsa. Kai kuwa an yanke maka hukunci, kuma da ka biya tarar ma hukuncin yana nan. Ba ya gogewa don shekaru sun wuce. Abin da ke wanke shi afuwa ce: ta gwamna a sashe na 212 idan dokar jiha ce, ta shugaban ƙasa a sashe na 175 idan ta tarayya ce. Ana rubuta wa kwamitin afuwa ta ma'aikatar shari'a, sai dai kada ka jira ta, tafiyar hawainiya take yi.

Je ka rajistarar kotun ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, don a ga karɓar kayan sata ne, ba fashi ba. Banki da kamfanonin gadi doka ta tsaurara musu kan laifin rashin gaskiya, aikin gwamnati ma sai da izini na musamman. Tuƙin kamfani kuwa ganin damar mai kamfani ne.

Alhajin gareji: Yarona, akwai irinka biyu a wajena, ɗaya shi ke riƙe makullin sito. Da bakinsa ya faɗa mini ranar farko, ya zo da limaminsu. Ka samu mai unguwa ko liman cikin masu tsaya maka, ka faɗa musu komai tukuna.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. To idan na faɗa suka fasa fa?

Maman Ilham: Suna iya fasawa, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa kada ka saki abin da kake yi yanzu sai takardar kama aiki ta shigo hannunka. Ka kuma haɗa da wasiƙa daga duk wanda ka yi wa tuƙi tun 2020, da lambar wayarsa, don za mu kira.