Bashin hanya da nauyin gida: shawarwari ga samarin Afganistan 'yan ci-rani

Da aka zauna tattauna halin samarin Afganistan da suka bar gida, maganar bashi ce ta fi cin lokaci. Sau da yawa uba kan sayar da gona don a biya masu safarar mutane, yaro ya bi ta garin Zaranj da ke kan iyaka ya shiga Iran, daga nan Turkiyya, in da rabo ya kai Jamus. Kafin ya samu wurin kwana, gida sun fara jiran saƙon kuɗi ta hannun 'yan hawala, wato dillalan da ke tura kuɗi ba ta banki ba.

Kusan kowa ya yarda a faɗa wa iyaye gaskiya tun farko. Mai neman mafaka kan yi watanni ba izinin aiki, amma kunya kan sa wasu tura hoto a jikin motar da ba tasu ba, sai buƙatun gida su ƙaru. Gara a yanke abin da za a iya turawa duk wata, a fara da bashin hanya.

An yi saɓani kan aure. Wasu sun ce kuɗin aure kan hau da zarar an ji ango yana Turai, don haka a jinkirta har takardu su fito. Dattawa ba su ji daɗin wannan ba, amma a ganina masu cewa a jinkirta sun fi gaskiya.

Su kuwa waɗanda Pakistan da Iran suka koro tun daga 2023, an roƙi dangi su daina yi musu gori, su taya su biyan bashin da ya rage.