Neman kalmar Hausa: me za a kira "kiristal" a shirin kimiyya na rediyo?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a ɗauki shirin ɗaliban sakandare kan yadda gishiri, sukari da alif ke fitowa daga cikin ruwa da siffa mai kusurwoyi. Kalma uku nake nema kafin daren Laraba: sunan abin da Turawa ke kira kiristal, aikatau na samuwarsa, da sunan ruwan da ya narkar da abu har ya kasa ƙara narkarwa. Wasu masu fassara na sa lu'ulu'u, amma ban gamsu ba.

Malamar Kemistiri: Wa alaikumus salam. Lu'ulu'u ba zai yi ba, yaro zai ɗauka dutsen ado mai tsada ake nufi, alhali gishirin miya ma kiristal ne. Abin da ya mai da shi haka ba ƙyalli ba ne, jeruwar ƙwayoyin zarra ne a tsari ɗaya da ke ta maimaituwa. A gishiri, wanda haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kuloraid, kowace ƙwayar sodiyam ƙwayoyin kuloraid shida ke kewaye da ita: sama, ƙasa, gaba, baya, dama, hagu. Shi ya sa in ka duba tsabarsa da gilashin ƙara girma za ka gan ta kamar ɗan akwati mai gefe shida. Masanin kimiyya Bragg da ɗansa ne suka tabbatar da wannan jeri a Ingila a 1913 da hasken eksire. Duk kalmar da za a zaɓa, ta ɗauki wannan ma'anar.

Mai Fassara: A sa ƙanƙara mana. Asalin kalmar ma a Girkanci ƙanƙara take nufi. Aikatau kuma daskarewa.

Malamar Kemistiri: Malam, daskarewa na kai hankali ga sanyi. Ruwa mililita 100 na narkar da gishiri kusan giram 36 a zafin ɗaki, ko ka tafasa shi bai wuce giram 39 zuwa 40 ba, don haka hucewa ba ta fitar da abin kirki. Sai ruwan ya ƙafe. A Bilma rana ce ke ƙafar da ruwan ramukan gishiri kafin a kwashe a dunƙula kantu. Babu sanyi a nan. Sannan gilashi ma daskarewa yake yi, amma ƙwayoyinsa a hargitse suke, shi ya sa yake fashewa a karkace, gishirin dutse kuwa ya tsage sumul a kan layi.

Dattijon Nahawu: Tun da jeri ne tushen abin, Hausa ta riga ta ba mu awo: gagara, gagarau. To jera, jerau. Jerau ɗin gishiri, jerau ɗin sukari. Gajera ce, tana da daɗin faɗa a makirfo, kuma tamu ce. Kada a sa wa yaranmu kiristal a baki.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, a nan makarantunmu da Faransanci ake karatu, kuma kiristal ɗin dai ake cewa. Yaron Kano da na Maraɗi duk za su gane ta, kuma ita za su tarar a takardar jarrabawa.

Dattijon Nahawu: Wannan hujjar ce ke cinye harshe. Kullum a ce jarrabawa. Yaushe za a rubuta jarrabawar da Hausa in mu da kanmu mun ƙi ƙera kalma? Larabawa na da tasu, balluri, ba su jira kowa ba.

Mai Fassara: Baba, sukari da gilashi da sabulu duk aro ne, kuma ba su rage wa Hausa daraja ba.

Dattijon Nahawu: Waɗannan bakin kasuwa ne ya tauna su shekara da shekaru. Wannan kuwa mu 'yan boko ne za mu ɗora wa mutane da rana tsaka, don a ce mun yi karatu.

Ɗan Damagaram: Jerau ma ai ɗorawa ce, babu wanda ya taɓa jin ta a kasuwa.

Mai Shirin Rediyo: Don Allah a dawo kan aiki. Akwai gwajin da za mu koya wa ɗalibai su yi a gida, kuma a nan ne kalmomin za su sha wuya. Malama, ki rubuta mana matakan da kalmomin da kike ganin sun dace.

Malamar Kemistiri: Da alif ya fi sauƙi, don shi zafi na ƙara masa narkewa sosai, saɓanin gishiri. A zuba ruwan zafi mililita 100 a kofin gilashi mai tsabta. A riƙa barbaɗa dakakken alif ana juyawa har ya daina narkewa, ya fara kwanciya a ƙasa. Ni a nan cewa nake yi ruwan ya ƙoshi. A tace da ƙyalle mai laushi zuwa wani kofin, a rufe da takarda, a ajiye inda ba a taɓawa. Washegari za a ga ƙananan ƙwayoyi a gindin kofin. A zaɓi wadda gefunanta suka fi fita, ita ce iri. A ɗaure ta da zaren leda irin na kamun kifi, a sake tace ruwan, a rataya ta a tsakiya kada ta taɓa bango. Cikin kwanaki za ta girma ta yi gefe takwas, kamar dala biyu da aka haɗa gindinsu.

Inda ake samun matsala: in aka saka kofin a firji don gaggawa, ƙwayoyi barkatai ne za su fito lokaci guda, su zama gari, domin kowacce na jan alif ɗin wajenta. Ƙurar hunturu ma haka take yi, duk ɗigon da ya faɗa sai ya zama wurin somawa. Zaren auduga na da gashi, ƙwayoyi za su bi shi su bar irin. In kuma aka ajiye a taga, rana ta ɗumama ruwan, ƙoshinsa ya tafi, sai ya narkar da irin da aka rataya.

Mai Fassara: Ƙosasshen ruwa ya zauna daram, iri ma haka. Na janye daskarewa. Aikatau fa, tun da ƙwaya take ta faɗa, a ce ƙulla ƙwaya, kamar yadda ake cewa itace ya ƙulla 'ya'ya. Zuma in ta daɗe ta yi tsaki-tsaki, sukarin cikinta ne ya ƙulla ƙwaya, ba lalacewa ta yi ba.

Dattijon Nahawu: Ƙulla ƙwaya Hausa ce, ban ƙi ba. Amma sunan fa?

Malamar Kemistiri: Baba, ga inda jerau ke tuntuɓe. Daimon, dutsen adon nan mai tsada, sinadarin kabon ne zalla; bakin fensir mai rubutu ma kabon ne, sai dai ana haɗa shi da yumɓu. A daimon kowace ƙwaya ta riƙe huɗu ta kowane ɓangare, sai ya fi ƙarfin karcewa. A fensir kuwa shimfiɗa-shimfiɗa suke, suna zamewa kan juna, shi ya sa yake barin alama a takarda. Dole ɗalibi ya raba tsarin ciki da dunƙulen da ke tafin hannunsa. Kalmarka tsarin take nunawa. A bar mata wannan gurbin, dunƙulen kuma a kira shi kiristal.

Dattijon Nahawu: An ba baƙuwa ɗaki, an bar 'yar gida a zaure. Ban yarda an gama ba. Amma in dai za a faɗi jerau a iska, ku yi shirinku, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Rediyo: Ga abin da na rubuta: kiristal, tare da bayani a karon farko cewa abu ne mai tauri da ƙwayoyinsa suka jeru a tsari ɗaya. Jerau don tsarin ciki. Ƙulla ƙwaya, ƙosasshen ruwa, iri. Saura jam'i: kiristaloli ko ƙwayoyin kiristal?

Ɗan Damagaram: Ƙwayoyin kiristal. Ɗayar tana da nauyi a baki.

Dattijon Nahawu: Da jerau aka ɗauka, da jam'in bai dame ku ba.