Likitoci sun ce sai an yi wani gwaji kafin a san ko za a yi wa yayata kemo

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman ƙarin haske. Yayata tana aure a Ingila, shekararta 47, wata biyu da suka wuce aka gano tana da sankarar mama, an yi mata tiyata an cire ƙullun, sun ce ƙarami ne kuma bai kai ga kaluluwar hammata ba Alhamdulillah. To mu duk jira muke a fara mata kemo, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, sai ta kira ta ce wai an tura naman da aka cire Amurka za a yi wani gwaji Oncotype DX, sakamakon ne zai nuna ko tana buƙata ko a'a. Hajiyarmu ta tada hankalinta wlh ko barci ba ta yi, cewa take kawai ba sa son kashe mata kuɗi ne, saboda lokacin da gwaggonmu ta yi irin ciwon nan a Kano ba a jira komai ba aka sa mata. Wai da gaske akwai sankarar da ba a yi mata kemo?

DrNaGwale:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar wa Hajiya hankali, ba rowa ba ce, ai gwajin kansa ya kai wajen dala 4,000 kuma gwamnatinsu ce ke biya. Abin da ake yi shi ne a duba ƙwayoyin halitta 21 a cikin naman ciwon a ga yadda suke aiki, sai a fitar da maki daga 0 zuwa 100. In makin ya yi ƙasa, ciwon ba mai saurin dawowa ba ne kuma kemo ba za ta ƙara mata komai ba sai wahala, zubewar gashi da amai da raunin jiki. In ya kai 26 zuwa sama to a nan kemo ke da amfani sosai.

Kuma ba da ka ake maganar ba, an yi babban bincike mai suna TAILORx da mata sama da 10,000, aka fitar da sakamakon a 2018, aka ga waɗanda makinsu ke tsakanin 11 da 25 yawancinsu maganin da ke hana hormon na mata ciyar da ciwon kaɗai ya ishe su. Amma fa ga inda shekarun yayarki suka shigo: mata masu 50 zuwa ƙasa an ga kemo na ɗan taimaka musu in makin ya kai 16 zuwa 25. Don haka lamba ɗaya ce amma hukuncinta a kan mai 47 daban, a kan mai 60 daban. Ta zauna da likitanta su yi maganar da kyau.

Batun gwaggo kuwa, ba kowa ake yi wa gwajin ba. Sai ciwon da aka kama da wuri, irin wanda ke cin abinci daga hormon na mata, wato takarda ta nuna ER (alamar ciwon na jin hormon ɗin) akwai, HER2 (wani furotin mai sa ciwon saurin girma) babu. Mu nan gida yawanci sai abu ya yi nisa ake zuwa asibiti, an sha jiƙe-jiƙe an gaji, a lokacin ba sauran tambaya, kemo ce kawai.

Baffa_Tela:
Likita wannan ba shi ne gwajin da ake cewa in uwa na da shi 'ya'ya ma za su gada ba? Don in haka ne ita mai tambayar ma ya kamata ta je a duba ta

DrNaGwale:
A'a Baffa, wancan BRCA ne, da jini ko yawu ake yinsa, shi ne na gado. Wannan ciwon da aka cire kawai yake karantawa. Amma tunda ga gwaggo ga yaya, kuma yayar ba ta kai 50 ba, ta faɗa wa likitocinta wannan tarihin, su za su ga ko ya dace a yi wancan ɗin ma.

Maman_Zee:
Ni an yi min a 2021, amma nawa MammaPrint ne, shi ƙwayoyin halitta 70 yake dubawa kuma ba maki yake bayarwa irin wancan ba, haɗari kaɗan ko haɗari da yawa kawai zai ce. Jiran nan na kusan sati biyu shi ya fi komai ci min rai, duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Nawa ya fito kaɗan, ban yi kemo ba, amma kada ku ɗauka an gama, an yi min gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura, kuma har yau kullum sai na sha ƙwayata ta hormon, shekara biyar aka ce ko ma fiye, ga zafin jiki da gumi cikin dare kamar an watsa min ruwa. Ki ja mata kunne kada ta ajiye maganin don ta ji sauƙi.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Sakamako ya fito jiya, 13 ne, sun ce ba kemo, za a yi mata gashi sannan ta fara tamoxifen, maganin hormon ɗin. Na karanta wa Hajiya bayanin likita har sau biyu, ta yi shiru can ta ce to ita dai a ƙara tambayarsu ko da rabin kemon ne a yi mata.