Gidaje 60 sun isa a san kuɗin da ke shigo wa gidajen unguwa?

Ɗalibar Ƙididdiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Don aikin makaranta na bi gidaje 60 ina tambayar abin da ke shigo musu a wata. Da na haɗa na raba, adadin ya haura sama, saboda akwai gida biyu na masu hannu da shuni. Sai na jera su daga ƙarami zuwa babba na ɗauki na tsakiya, wato midiyan. To yaya zan nuna ko adadin abin dogaro ne?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi daidai, attajiri ɗaya ba ya janye midiyan. Tunda kin riga kin jera su, duba gida na 22 da na 39. Tsakanin waɗannan biyun ne ainihin midiyan na unguwar gaba ɗaya zai faɗa, da tabbacin kusan kashi 95 cikin 100. Rubuta su tare da adadinki. In tazarar ta yi miki faɗi, sai kin ninka gidajen sau huɗu kafin ta ragu da rabi.

Mai Bincike: Ko hukumar ƙidaya ta Amurka sai ta tara bayanan shekara 5 kafin ta fitar da alƙaluman kuɗin shiga na ƙananan yankuna, kuma da tazarar kuskure a gefe.

Tsohon Malami: Na manta. Gida nawa suka ƙi amsawa? Wannan lissafin ba ya gyara matsalar gidajen da suka ƙi amsawa.

Ɗalibar Ƙididdiga: Goma sha ɗaya, Malam, ban da 60 ɗin da suka amsa. Yawancinsu manyan gidaje ne masu maigadi.