Yaya zan nuna wa 'yan aji biyar yadda tsohuwar kwalba ke komawa sabuwa?

Malama daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a aji biyar na wata makarantar firamare a Tudun Wadar Zariya, kuma a makon jiya muka zo kan darasin shara. Da na ce wa yara tsohuwar kwalba tana iya komawa sabuwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ai mahaifiyarta tana yin haka kullum, domin takan wanke kwalba ta ɗura gyaɗa a ciki. Amsar ta burge ni, amma ba abin da nake nufi ba ke nan, kuma na kasa yi musu bayanin da zai zauna musu. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su taimaka mini.

Malamin kimiyya daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan ta ba ki ƙofar shiga darasin. Abin da mahaifiyarta take yi, da abin da kamfanonin lemo suke yi idan sun karɓi kwalabensu sun wanke sun sake cikawa, duk sake amfani ne da kwalbar yadda take. Narkarwa kuwa tana zuwa ne bayan kwalba ta fashe ko ta gama aiki. Asalin gilashi yashi ne da soda da farar ƙasa, waɗanda ake dafawa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. A masana'anta akan fara ware kwalabe bisa launi, farare daban, koraye daban, masu ruwan ƙasa daban, saboda kaɗan daga kore ya isa ya ɓata farar kwalba. Daga nan a farfasa su, a sa maganaɗisu ya tsince marafan ƙarfe, a cire takarda da datti, sannan a haɗa da sabon yashi a narkar, a zuba a mazubi, a hura iska har kwalba ta fito. Fasasshen gilashi ya fi ɗanyen yashi saurin narkewa, don haka yana rage cin wuta, kuma ko sau nawa aka narkar da shi ingancinsa ba ya raguwa. Ki gargaɗe su cewa tangaran da madubi da ƙwan lantarki ba sa shiga wannan haɗi. Akwai sashen nazarin gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru, kuma ina ganin ya dace shugaban makarantarku ya rubuta musu takardar neman ziyara.

Dattijo daga Sabon Gari:
'Yata, kada yaran su ɗauka wannan aikin Turawa ne kaɗai. A Bida ta Jihar Neja akwai unguwar Masaga, inda Nufawa suka gāji narkar da kwalabe suna ƙera tsakiya da awarwaro. Idan kika samu awarwaro ɗaya kika ajiye shi kusa da koriyar kwalba a kan tebur, idon yaro zai gane abin da dogon bayani bai gane da shi ba.

Wata uwa daga Gyallesu:
Malama, don Allah kada a sa yara su kawo fasassun kwalabe, domin da yawansu da silifa suke zuwa makaranta. Su kawo lafiyayyu, wankakku, su ware su bisa launi a cikin kwali, fasawa kuwa a bar wa manya.

Malama daga Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, zan nemi awarwaron a kasuwa. Ranar Litinin za mu fara da kwalaye uku da maganaɗisu ɗaya, kuma yarinyar da ta kawo zancen gyaɗa ita za ta fara warewa.