Musayar Waƙa: Wutar Hiroshima da Nagasaki

Jikan Ɗan Bama:
Assalamu alaikum. Duk watan Agusta maganar bom ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa biranen Hiroshima da Nagasaki na Jafan a 1945 sai ta taso mini: daidai ne ko kuskure? Ga nawa baitocin, mai ja ya ja da waƙa.

Da sunan Ubangiji na ɗau alƙalami,
Shi ke da ƙarshen hukunci da gaskiya.
Kakana an ɗebe shi yana saurayi,
Daga ƙauyenmu har Bama, gaba da Indiya.
Runduna ta 81 aka sa shi,
Kwarin Kaladan, ga sauro, ga laka, ga ƙaya.
Kaya a ka, ruwan sama ba ya ɗaukewa,
Matsattsaku na shan jininsa tun da safiya.
Ya ce sojan Jafan ba ya ɗaga hannu,
Ya gwammace kabari da ya sha kunya.
Ku dubi Okinawa, wata uku ana gwabzawa,
Amurka ta rasa dubu 12, ba ƙarya.
Tsibiri ɗaya ke nan, to ina ga babban tsibirin Kyushu
Da aka shirya afka wa a Nuwamba gaba ɗaya?
Bom ya sauka 6 ga Agusta, ya sake ran 9,
Ran 15 Sarki Hirohito ya miƙa wuya.
Kakana ya dawo gida ya haifi babana,
In ba don bom ba, anya da na zo duniya?

Malamar Tarihi:
Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta,
Zancenka ya taɓa ni ƙwarai, ƙanena.
Amma zo mu tsaya a Hiroshima tare,
Litinin, 8 da kwata, gari ya tashi daga kwana.
Yara 'yan sakandare na bakin aiki,
Suna share layin tare gobara a cikin rana.
Wani na zaune a matakalar banki,
Yana jiran a buɗe ya shiga da lumana.
Haske ya walƙa, wuta ta cinye shi,
Tabonsa ya saura a dutse kamar an zana.
Masu sauran rai suka nufi kogi,
Fata na saɓulewa, jiki duk ƙuna.
Sai ga baƙin ruwan sama mai kauri,
Suka tara baki don ƙishi, bayin Rabbana.
Ashe dafi ne. Kafin 1945 ta fita,
Kusan dubu 140 sun tafi, riƙe lissafina.
Wata yarinya, Sadako, na shekara 2 ran da bom ya faɗi,
Tana 12 sankarar jini ta ɗauke ta, ɗan'uwana.
Me ta yi wa kakanka a dajin Bama?
Wane harsashi ta harba? Wa ta ƙona?

Baban Yara:
Malama, kin sa mu hawaye, amma dakata,
Jafan fa ba tunkiya ce mai kiwo ba.
Birnin Nanjing na Sin a 1937, sojojinta sun yi yanka,
Mata da yara, ko tsoho ba su bari ba.
Wa ya dira sansanin Amurka na Pearl Harbor da sassafe?
Mai tsokanar rina bai taɓa rasa harbi ba.
An aika musu gargaɗi daga Potsdam a Yuli,
Ku miƙa wuya ko a rushe ku, ba su karɓa ba.
Ko bayan Nagasaki wasu hafsoshi
Sun kutsa fada da dare, ba su yarda a daina ba.
Kowace rana da yaƙin ya ƙara,
Sinawa da Koriyawa ke mutuwa, ba a ƙirga su ba.

Malamar Tarihi:
Ban wanke sojan Jafan ba, Baban Yara,
Jinin Nanjing na wuyansu, na yarda da zancenka.
Amma Janar Eisenhower bai ga buƙatar bom ba,
Admiral Leahy ma haka, manyan sojan Amurka.
Jiragen ruwa sun nutse, mai ya ƙare,
Ƙasa a datse, yunwa na ci, tana daf da faɗuwa haka.
Rasha ta shelanta yaƙi ran 8 ga wata,
Ta afka Manchuriya, duba littafinka.
Kwana 3 kacal tsakanin bom da bom,
Za ka gama zaman makoki a kwana 3, kai da kanka?
Koriyawan da kake wa kuka, dubbai
Na cikin Hiroshima a aikin tilas, wuta ta haɗa duka.

Almajirin Zaure:
Ku gafarce ni, manya, in sa baki,
Ni karatun da na ji a zaure zan karanta.
Halifa Abubakar ya raka mayaƙa bakin gari,
Ya ce mace da yaro da tsoho, takobi ya haramta.
Kar a sare itace mai 'ya'ya,
Balle a ƙone unguwa da jariranta.
Annabi ya hana mu azaba da wuta,
Wannan hukunci ne na Ubangijin wuta.
Birnin Kokura aka nufa da bom ran 9 ga wata,
Gajimare da hayaƙi suka lulluɓe ta.
Jirgi ya juya Nagasaki, ya sauke a unguwar Urakami,
Babbar majami'a ta rushe kan masu ibadarta.
Mutum dubu 70 sun tafi saboda sama ta buɗe,
Rai guda bai ɗaukar laifin wata.
Yuraniyom, ma'adinin bom ɗin, ma daga Kwango aka haƙo,
Shinkolobwe, baƙar fata ne suka sha wahalarta.

Jikan Ɗan Bama:
Yaya Malama, tambayarki ta tsaya mini a wuya,
Tun jiya nake juyi, barci bai zo ba.
Ban fasa gode wa Allah da dawowar tsoho,
Ban kuma ce Shugaba Truman na Amurka ya yi daidai ba.
Kun tuna mini wani akwatin ƙarfe
A ɗakin kaka, wanda bai yarda a taɓa ba.
Ciki akwai lambar yabo da jar hula,
Da wani hoto da bai taɓa yarwa ba.
A aljihun gawar sojan Jafan ya same shi,
Mace da jaririya, yarinyar ba ta yi haƙori ba.
Ran da na tambaye shi labarin bom,
Ya daɗe yana kallon hoton, bai ɗago ba.
Ya ce, mun yi rawa da muka ji an gama,
Ya mayar da shi akwati, bai ƙara magana ba.